Man Gyaɗa a Kujerar Baya

Sai da suka iso Dungas, fasinja suka watse, sannan Mansur ya ga ɓarnar. Mahaifiyarsa, Inna Ƙande, ita ce ta ƙarshen fita. Ta yunƙura ta sauko daga baya tana dafa gwiwa, ta jawo jarkar man gyaɗan da ya yi mata kwantai a kasuwar Dogo-Dogo, sai ta tsaya cak, ta ɗaga jarkar ta jijjiga.

"Af! Wannan ai ba haka nauyinta yake ba."

Mansur ya zagayo ya leƙa. Ledar da ta ɗaure bakin jarkar da ita ta zame tun a hanya, wataƙila a gangaren nan mai rairayi inda motar ta yi ta tsalle. Man ya kwanta a kujerar baya, faɗinsa ya kai faifai, ya bi layin ɗinki ya gangara har tsakiya. Yadin ya shanye shi tas, ya koma baƙi yana ƙyalli.

"Innalillahi! Inna, me kika yi mini haka?"

"Ni me na yi maka? Man da na soya gyaɗarsa, na matsa da hannuna, shi ya tafi a banza, kai kuma kana ta kujera? Kujera ai zama ake yi a kanta." Ta ɗora jarkar a ka ta shige gida tana mita.

Ita ba ta san abin da ya tayar masa da hankali ba, don bai faɗa mata ba. Bai faɗa wa kowa a gidan ba. Motar nan ita ce duk abin da ya dawo da shi daga Tamanrasat ta ƙasar Aljeriya, inda ya yi shekaru yana leburancin gini. Ƙarama ce, ƴar Kwatano, kujerunta na yadi ne ruwan toka, masu laushi. Tun ranar da ya saye ta ya lulluɓe su da tsofaffin barguna, domin ya san irin fasinjan da zai riƙa ɗauka: mai kaji, mai daddawa, mai jinjiri, mai tauna goro. Da farko ya ji daɗin aikin. Amma hanyar ɗaya ce kullum, Dungas zuwa Magariya, Magariya zuwa Dungas, ranar kasuwa a leƙa Dogo-Dogo, har ya haddace kowane rami da kowane gawo na bakin hanya. Ga ƴan kabu-kabu sun kwashe masu sauri. Yana zaune a tasha yana jiran mota ta cika, sai ya ji kamar duniya tana tafiya an bar shi a baya. Ƙafarsa ba ta daina kaɗawa.

Ana nan sai Yunusa, abokinsa na Tamanrasat, ya fara kiransa a salula daga Agadas. Shi da wasu sun haɗa kansu za su shiga wurin haƙar zinariya can arewa, saura mutum ɗaya da zai sa nasa kason a sayi na'ura da guzuri. Mansur bai yi dogon tunani ba ya sa motar a kasuwa a ɓoye. Mushe Hambali, kamar yadda ake kiran ƴan boko da Faransanci, daraktan wata makarantar lekol a Dantchiao, ya zo ya gani. Ya saurari inji sama-sama, sannan ya ɗaga bargo ya shafa yadin kujerar baya, ya ce, "Ka iya riƙon abu. Madam ba ta son kujerar roba, ta ce zufa take sa ta. Ran Juma'a zan kawo ta, in ta zauna ta ce ya yi, magana ta ƙare."

Shi ya sa a safiyar ranar kasuwar nan Mansur ya yaye bargunan, ya miƙa wa matarsa Nafi ya ce ta wanke. A ransa ya ce tafiya ɗaya ce, bari kujeru su sha iska.

Ko ruwa bai tsaya ya sha ba. Ya ɗauko bokiti, ya zazzaga omo, ya samo buroshin wanki, ya hau kujerar da dirza. Kumfa ta tashi fara, ta koma rawaya. Ya sheƙa ruwa, ya sake dirza, har gumi ya jiƙe masa riga. Nafi ta fito bakin zaure da ƴarsu Ɗela riƙe da zanenta, ta ajiye masa kwanon ruwa a ƙasa.

"Sannu da hanya, Baban Ɗela."

"Yawwa," ya ce, bai ɗago ba.

Ta ɗan tsaya tana kallon yadda yake tura buroshin gaba da baya. Kamar za ta yi magana, sai ta ja hannun yarinyar suka koma ciki.

Da kujerar ta jiƙe gaba ɗaya, ta yi duhu bai ɗaya, sai ya ga kamar tabon ya tafi. Washegari da ta sha iska ya buɗe ƙofa, ya tarar abin ya ninka faɗinsa, ga farin omo ya bushe a gefe-gefe kamar gishiri.

A tasha, kafin ya gama kashe inji mutane sun kewaye motar. Kowa da maganinsa. Wannan ya ce lemun tsami, wancan ya ce jiƙaƙƙiyar kanwa, wani tsoho ya ce a bar shi kawai, zaman mutane zai cinye shi. Tamu, mai tara wa motoci fasinja, ya ture su ya sa kai ciki ya shinshina.

"Kai ma da wasa kake. Mai ai sai mai. Ka samo esansi kwalba guda ka zuba, yanzu ka ga ya gudu. Haka ake wanke hannun bakanike."

Mansur ya tsallaka titi ya sayo kwalbar esansi, wato fetur, wurin masu sayarwa a bakin hanya. Ya tsiyaya, ya goga da tsumma. Tsakiyar tabon ya yi haske, har Tamu ya fara tafa hannu. Amma man bai gudu ba, matsawa ya yi. Ya bi esansin ya bazu, ya zana wani baƙin zobe da ya kusa kai bakin kujerar. Ga wari ya cika motar, mai hawa kai. Wata mata da ta riga ta ajiye ƙullinta a gaba ta toshe hanci da mayafi, ta ɗauke kayanta ta nufi wata motar.

"To ai sai a ƙara wata kwalbar," in ji Tamu.

Mansur ya shiga ya tayar, ya sauke gilasai duka, ya kama hanyar Magariya ba fasinja ko ɗaya.

A Magariya akwai wani mai wankin mota, Ɗalha, da ke da injin feshin ruwa. Ɗalha ya duba kujerar, ya sa babban yatsa ya danna tsakiya da ƙarfi. Da ya ɗaga, gurbin yatsan ya cika da maiƙo.

"Malam, man nan ya bar yadi, yana cikin katifar da ke ƙasa. Ko na wanke sama, da rana ta buge shi zai taso."

"Kai dai wanke."

"Zan wanke, amma na faɗa maka."

Ya wanke, ya fesa, ya tsane da tawul. Mansur bai iya zama a bencin da aka nuna masa ba. Ya je wurin mai shayi, ya dawo bai sha ba. Ya leƙa wurin wani mai ɗinkin kujeru ya tambaya ko za a sami yadi irin wannan. Mutumin ya buɗe masa abin da yake da shi, duk roba ce, baƙa da ja. Ya sake dawowa ya tsaya a kan Ɗalha, har Ɗalha ya ce don Allah ya matsa kada ruwa ya jiƙa shi.

Da aka gama kujerar ta yi fes. Mansur ya ji wani sanyi a ƙirjinsa, ya kama hanyar gida. Lokacin bazara ne, rana ta take, iskar da ke shigowa ta taga kamar daga bakin murhu. Duk ɗan tafiya kaɗan sai ya waiwaya. Da farko ba komai. Can sai ga wata inuwa-inuwa a tsakiya. Kafin ya ga rumfunan Dungas tabon ya dawo wurinsa ya zauna, da zobensa da komai.

Bai gama fakawa ba salula ta yi ƙara. Yunusa ne.

"Kai muke jira fa. Mai motar da zai shiga da mu ya ce ba zai wuce mako mai zuwa ba. Kuma akwai wani ɗan Tanut da ke bina da kuɗinsa a hannu."

"Juma'a nake sallamar motar. Ka riƙe mini gurbina."

"Ina riƙe, amma hannuna ya fara gajiya."

Ranar Alhamis da hantsi Mansur yana zaune a bakin ƙofar motar, ya rasa abin yi. Ya tashi, ya zauna. Ya danna kujerar, ya goge yatsa a wando. Sai ga Nafi ta fito za ta shanya wanki. Ya bi ta da ido. Matar nan tun da aka kawo ta gidan take taya Inna aikin mai, ita ce suya, ita ce matsa, ita ce ɗurawa a jarka, amma bai taɓa ganin ɗigon mai a zanen fitarta ba.

"Nafi. Ke da kike cikin mai kullum, yaya kike yi tufafinki ba sa tabo?"

"Suna yi. Fitar da shi nake."

"To kin san yadda ake yi, kika zuba mini ido ina ta wahala?"

"Ba ka tambaye ni ba." Ta yarfe rigar Ɗela ta rataya a igiya. Ba ta juyo ba ta ce, "In tabon ya fita, yaushe ne tafiyar?"

"Wace tafiya?"

"Baban Ɗela, kada ka mai da ni yarinya. Mutum ya koma amsa waya a bayan rumbu. Ya yaye bargunan da ko ni ba ya bari in taɓa. Ya daina cin tuwo sai dai ya tsakura ya tashi. Na taɓa ganin irin wannan ai."

Ya buɗe baki zai yi bayani, ya fara kawo zancen Yunusa da na'ura, da yadda mota ba ta kawo komai yanzu. Ta bar shi ya gama.

"Wancan karon," ta ce, "cewa ka yi za ka Damagaram ka dawo. Sai da ka tsallaka iyaka ka kira ni. Ni na shiga ɗakin Inna da ciki a gabana na faɗa mata ɗanta ya tafi Aljeriya. Ka san abin da ta ɗauka? Ta ɗauka ni na hana ka sakat a gida. Mun daɗe muna cin tuwo a tsakar gida ɗaya ba ta kallon fuskata. Ɗela har ta fara tafiya ba ta san kamanninka ba."

"Wannan daban ne. Wata kaɗan ne."

"Ko ma nawa ne. Ni ba zan riƙe ƙafarka ba, na san ba ta riƙuwa. Amma wannan karon ba ni zan kai labari ba. Ka shiga ka durƙusa gaban Inna ka faɗa mata da bakinka. In ka yi, in taɓa kujerarka. In ba ka yi ba, ka ƙara mata esansi."

Ta ɗauki robar wankinta ta shige.

Ransa ya ɓaci. Ya buga ƙofar motar, ya bi ta bayan gari da ƙafa ba tare da ya san inda za shi ba. Ya ratsa gonaki. Mutane sun gama sharar gona, an tara kara ana ƙonawa, hayaƙi na tashi nan da can. Kowa ya ɗago daga aiki sai ya dubi gabas, inda wani farin gajimare ya fara taruwa. Wani maƙwabcinsu ya ɗaga masa hannu ya ce, "Bana kam da wuri za ta sauka, in Allah ya so." Mansur ya amsa da ka. Ya kai gonarsu, ya zagaye ta, ya shuri wani kututture, ya juyo. Tunanin fuskantar Inna ya fi masa nauyi a kan ratsa hamada.

Ya same ta a inuwar ɗakinta, ta baza zangarniyar geron da ta ware don iri, tana zaɓar masu ƙwari. Ya cire takalmi ya durƙusa. Ya yi gyaran murya sau biyu kafin maganar ta fito. Ya faɗa mata duka, bai rage ba.

Hannunta bai tsaya ba. Ta ɗauki zangarniya, ta murza, ta ajiye a dama. Ta ɗauki wata.

"Ashe shi ya sa ka yi mini tsawa a kan kujera."

"Ki yi haƙuri, Inna."

"Ka ga gabas?"

"Na gani."

"Wa zai yi mini shuka?"

"Zan bar abin da za a ɗauki mutane su yi."

"Ba za ka bari ba. Gonar ubanka ba a taɓa shuka ta da hannun haya ba, ba kuma a kaina za a fara ba." Sai yanzu ta ɗago ta dube shi. Idonta ya yi ja amma muryarta ba ta rawa. "Ka sayar da motarka, taka ce. Amma ka tsaya ruwa ya sauka, ka zuba iri a ƙasa, sannan ka kama gabanka. Ban ce na yarda ba, ban kuma ce na hana ba."

"Inna, Yunusa ba zai jira ba."

"To ya tafi mana. Ni na haifi Yunusa?"

Da ya fito, Nafi tana tsaye a bakin madafa, da alama ta ji komai. Ba ta ce masa sannu ba. Ta ce, "Kwance kujerar ka shigo da ita. A cikin mota ba za ta yiwu ba."

Ya kwance notuna, ya ciccibo ta ya ajiye a tsakar gida, a tsakiyar rana. Nafi ta kifa ta, ta tara tsummokara a ƙasa, ta ce ya hau ya taka. Ya hau yana tattakawa kamar mai kwaɓa ƙasar gini, Ɗela tana dariya. Tsummokaran suka fito jiƙe da ruwa da maiƙo. Aka canza wasu, ya sake hawa. Ita kuma ta ɗauko dunƙulen farar ƙasa, irin wadda ake shafen ɗaki da ita, ta daka a turmi, ta tankaɗe da rariya har ta yi laushi kamar garin tuwo. Suka juyo da kujerar. Ta zuba garin a kan tabon, ta tula shi da kauri, ta danna da tafin hannu.

"Sai me?" in ji Mansur.

"Sai jira."

"Har yaushe?"

"Har ta sha."

Nan ne abin ya fi ƙarfinsa. Ya zauna a kan turmi, ya tashi. Ya leƙa waje ya dubi motar da ba kujera, ya dawo. Ya sa yatsa zai tona garin ya ga ko ya fara aiki, ta buge masa hannu.

"Kai komai sai ka tona, komai sai ka dirje. Dirzar da ka yi ce ta tura shi ciki."

Rana ta gasa kujerar, man ya narke ya taso, garin ya yi ta tsotsa. Farinsa ya koma ruwan ƙwai, ya dunƙule. Nafi ta kankare da bayan cokali, ta kaɗe, ta zuba sabo. Haka suka yi ta yi har bayan azahar, kowane zubi ya fi na baya jinkirin canza launi. Mansur ya ce a kawo dutsen guga a yi sauri. Ta sunkuya ta shinshina yadin, ta ce sai warin esansi ya gama fita, ba za ta kawo garwashi kusa da shi ba, ba ta shirya kwana a fili ba.

Sai da la'asar ta yarda. Ta yago takardar buhun siminti, ta shimfiɗa a kan tabon, ta ɗora dutsen gugar da ta bari ya ɗan huce. Ba ta goga ba, ɗorawa take ta ɗaga. Takardar ta yi ta fitar da tambarin maiƙo, ta matsa zuwa wuri mai tsabta, ta sake ɗorawa, har aka kai inda takardar ke tashi a bushe. Sannan ta ɗumama ruwa, ta kaɗa sabulun salo a ciki, ta ɗebi kumfar kaɗai da farin tsumma. Daga bakin zoben ta fara, tana dannawa tana shigowa tsakiya.

"Riƙe nan," ta ce. "A hankali. Ba faɗa kake da ita ba."

Suna durƙushe kai da kai, shi yana dannawa, ita tana bi da tsumman ruwa zalla tana ɗauke sabulun. Rabon da su yi wani aiki tare haka har ya manta. Ya so ya ce wani abu, bai san me ba, sai ya ce, "Ashe haka abin yake da wuya."

"Ba wuya gare shi ba. Lokaci yake ci."

Da suka gama wurin tabon, ta bi kujerar gaba ɗaya da ɗanyen tsumma don launin ya zo ɗaya. Suka jingine ta a inuwar dogon yaro inda iska ke bi. Inna ta fito alwala, ta tsaya ta dube ta, ta wuce.

Da safe tabon bai ɓace ɗungum ba. Wanda ya san wurin, in ya karkata kai, zai ga wata ƴar inuwa. Wanda bai sani ba sai ya wuce.

Mushe Hambali ya iso bayan an sauko daga masallaci, a kan babur, da Madam Falmata a baya. Mace ce mai jiki, mai tabarau. Mansur ya buɗe mata ƙofa. Ta shiga ta zauna, ta jingina, ta shafa yadin da hannu biyu. Sai ta ɗaga hanci.

"Ƙamshin me nake ji haka, kamar ana suyar ƙuli-ƙuli?"

Mansur ya yi niyyar cewa daga maƙwabta ne. Ya dubi bakin zaure, ya ga Nafi a tsaye.

"Man gyaɗan mahaifiyata ne ya zube a nan, Madam. Mun fitar da shi."

"A ina?" Ta matsa gefe, ta cire tabarau, ta mayar. Ya nuna mata da yatsa. Ta daɗe tana dubawa. "Wa ya fitar?"

"Mai ɗakina."

"Kira mini ita. Akwai wata shaddar Mushe da miya ta lalata tun Sallah, na rasa yadda zan yi da ita."

Matan suka shige zaure suna magana. Mushe kuwa ya sami abin kamawa, ya ce tunda mota ta sha mai ta baya dole a rage masa wani abu. Suka ja, suka ja, Mansur ya sallama don ya gaji da tsayuwa. Kafin la'asar an kira shaidu an gama. Mushe ya bar babur ɗinsa wurin wani ɗan'uwansa, ya ja motar a hankali kamar mai ɗauke da ƙwai, Madam a baya ta hakimce. Mansur ya tsaya har suka sha kwana. Ya sa hannu a aljihu inda makulli ke zama, ya fitar, ya rasa inda zai ajiye hannun.

Kwanakin da suka biyo baya su ne mafi tsawo. Ba mota, ba tasha, ba ruwa. Kullum da yamma hadari ya haɗu a gabas, ya yi baƙi, iska ta taso ta kwashe shanya, sai ya watse. Mansur ya gyara sungumi, ya sake gyara shi. Ya ɗaure jakarsa, ya kwance. Yunusa ya kira ya ce ba yadda zai yi, ya ba ɗan Tanut gurbin, gobe za su shiga. In ya iso Agadas ya nemi wani Hanif, shi ma yana haɗa mutane. Mansur ya kashe wayar ya zauna a kan turmi. Ranar ko Ɗela ba ta matso kusa da shi ba.

Ruwan ya sauka wata ranar Talata da rana tsaka, mai yawa, har ya kwanta a tsakar gida. Washegari gari duka ya fita. Mansur yana gaba da sungumi yana sara, Nafi tana biye tana jefa iri tana rufewa da diddige, Inna tana can baya da ƙwaryarta. Sauri yake kamar ana korarsa, har ya ba su rata mai nisa.

"Baban Ɗela!" Nafi ta ɗaga murya. "Ramukan nan za su bushe kafin in iso. Ka jira mu."

Ya tsaya a tsakiyar gona, ya dogara da sungumi, ƙafarsa tana kaɗawa a cikin danshi, har suka cim masa.

Da aka gama shuka ya tafi, da rana, kowa yana gani. Inna ta yi masa addu'a a taƙaice. Nafi ta rako shi bakin zaure da Ɗela a hannu, ta ce in ya sami wurin da waya ke shiga ya riƙa kira, ko ba shi da labari mai daɗi. Ya hau bayan ɗan kabu-kabu da jakarsa a cinya.

A Agadas ya sami Hanif, suka shiga. Noman daminar nan Nafi da ƙannenta suka yi shi. Ya kira sau da dama, wani lokaci muryarsa da ƙarfi, wani lokaci da kyar ake jinsa. Bai dawo ba sai da aka kusa wata shukar. Ya rame, ya yi baƙi, ya zo da wani tari da ya daɗe bai sake shi ba. Abin da ya samo bai kai mota ba, ya dai isa babur, sai ya shiga kabu-kabu, shi da a da yake yawan zagin ƴan kabu-kabu a tasha.

Ya yi damina guda cur a gida, ya yi noma har da maimai. Bayan an ɗaure gero, wata rana ya kai wani fasinja tashar Magariya, sai ya ga wata babbar mota ta tsaya ana ɗaure mata kaya. Ya kashe babur, ya matsa wurin direban, suka gaisa.

"Daga ina?"

"Kwatano."

"Da gaske ne ana neman masu tuƙo motoci daga can?"

"Ana nema, in mutum ya iya tuƙi kuma ba ya gajiya da hanya."

Mansur ya zaro salularsa daga aljihu. "Ba ni lambarka," ya ce.